Yadda ake zuwa Tarkwa Bay, bakin tekun Legas da mota ba ta kaiwa

Tun da na dawo daga Ikko, wato Legas, 'yan majalisarmu ba su bar ni na huta ba, duk wanda ya ga hoton nan da nake tsaye cikin yashi da wando naɗe zuwa gwiwa, ga ƙaton jirgin kwantena shina wucewa ta bayana, sai ya ce kai wane Dubai ka je ba ka gaya ma kowa ba? To ba Dubai ba ce, nan ne Legas, wani bakin teku da ake ce ma Tarkwa Bay, kuma babu titin da ya kai can, ba mota ba kabu-kabu ba keke, sai dai ka shiga jirgin ruwa. Na gaji da maimaita bayani ɗaya kullum bayan isha'i shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya, wanda ke da niyya ya karanta ya huta ni ma in huta.

Amma kafin komai ga abin da na fi son ya zauna maku, musamman ku 'yan uwana na bakin gulbi. Ni ɗan Yawuri ne, cikin gulbin Kwara na koyi iyo tun ban san karatun allo ba, mun sha bulala a kan zuwa gulbi ba ta hana mu ba, kuma da wannan girman kan na je Legas. Teku wani abu ne daban. Wanda ya iya ruwan gida ya fi wanda bai iya ba shiga haɗari a can, don shi wanda bai iya ba tsoro zai riƙe shi a gaɓa, kai kau da ka san kanka sai ka kutsa. Zan zo kan wannan.

Zuwa Legas ɗin kanta ba sai na daɗe a kai ba, rabinku kun fi ni sanin hanya. In ta mota ce daga Birnin Kebbi sai Jega, Koko, Yawuri, Kwantagora, Mokwa, ka haye gadar Jebba, Ilori, Ogbomosho, Oyo, Badun, sannan Ikko, kuma ka sa ma ranka wuni da kwana don hanyar ba ta da alƙawali. Mai hali ya bi jirgin sama ta Abuja. Abin da zan ce kawai kada ka sauka yau ka ce gobe da safe sai teku, ka ba jikinka kwana guda, don wanda bai yi barci ba kuma cikinshi ba komai shi ne jirgin ruwa ke fara juya ma kai.

Ni wajen taubashina na sauka, shina sayar da albasar Aliero a kasuwar Mile 12, shekara da shekaru shina Legas amma wallahi bai taɓa taka bakin teku ba, daga kasuwa sai masallaci sai ɗaki. Ni baƙo ni na ja shi. Daga Mile 12 abin da sauƙi, ka shiga doguwar bas ta BRT mai zuwa tashar CMS ko TBS, sai dai ka tanadi katin Cowry don da shi ake biya, in ba ka da shi a nan tasha ake saye a sa mishi kuɗi. Wanda ya sauka wajen Mile 2 ko Alaba Rago ga jirgin ƙasa na Blue Line da ya fara ɗaukar mutane a 2023, daga Mile 2 zai aje ka Marina, kusa da bakin ruwan ke nan. In kau Obalende kake to kai ka gama, taku kaɗan ne. Mutanen Agege su ne za su yi sammako sosai saboda gosulo.

Wuraren hawa jirgi suna da ɗan yawa. Akwai jeti, wato tashar jirgin ruwa, na CMS a Marina wanda talaka ya fi bi, akwai tashar Five Cowries a Falomo cikin Ikoyi inda hukumar ruwa ta jihar Legas wato LASWA take, akwai kuma wasu a gefen Victoria Island. Iri biyu ne tafiyar, ko ka shiga na haya ku jira ya cika kamar motar tasha, ko ku yi shata ku kaɗai. In kun kai mutum takwas ko goma, ko akwai mata da yara, ku haɗa kuɗi ku yi shata ya fi kwanciyar hankali. In ku biyu ne kamar mu, na haya ya ishe ku, sai dai ranar aiki kuna iya zama awa guda kuna kallon ruwa kafin ya cika.

Kuɗin jirgi tun da anka cire tallafin mai a 2023 ba ya zama wuri guda, don haka kada ka dogara da abin da wani ya biya bara. Dabarar ita ce kada ka tambayi 'yan kamashon da za su tare ka tun daga titi suna ja maka hannu, ka wuce su ka isa bakin jetin, ka tsaya gefe ka ga abin da mutum biyu uku sunka biya, sannan ka ciro naka. Da sun ji harshenka sun ga hula sun san baƙo ne, farashi sai ya tashi. Taubashina ya iya Yarbanci na kasuwa, shi na tura gaba ni na yi kamar kurma.

Ga wurin da mutane ke faɗawa rami, maganar dawowa. Ka tambaya da baki ƙarara, wannan kuɗin na zuwa ne kawai ko har da dawowa? In har da dawowa ne kada ka biya duka tun farko, ka ba da rabi, rabi sai an dawo da kai. Ka karɓi lambar direban ka kira ta a gabanshi ka ji wayar ta yi ƙara cikin aljihunshi, ku aje lokaci, kuma ka ɗauki hoton jirgin don da yamma duk kamarsu ɗaya. Mu mun yi wautar biyan zuwa da dawowa gaba ɗaya, ƙarfe huɗu munka kira mutumin ya ce ga shi nan tafe, huɗu da rabi ga shi nan tafe, biyar sai waya a kashe, haka munka sake biyan wani jirgin. Kuɗin ba su ne sunka dame ni ba, ganin rana na sunkuyawa kana tsibiri ba ka da wajen kwana shi ne abin.

Sai rigar ruwa, layif jaket. Doka ce a ruwan Legas kuma jami'ai na dubawa a manyan tashoshi, amma ni ba don doka nake maganar ba. Mu mutanen Kabi ba mu buƙatar wani ya yi mana wa'azi a kan wannan, mun ga abin da ya faru a Warrah cikin Ngaski a watan Mayu na 2021, jirgi ɗauke da sama da mutum 150 ya kife, kaɗan ne sunka tsira, Allah ya jiƙansu da rahama. Mafi yawan jiragenmu na gida lodi ake yi masu har ruwa ya kusa taɓa baki kuma ba mai riga ko guda. To a nan in an miƙo maka rigar kada ka rataya ta a wuya kamar carbi, ka duba igiyoyinta da maɓallanta suna kamawa, ka ɗaure ta tamau yadda in an ja ta sama daga kafaɗa ba za ta haye maka kunne ba. In ta yage ko soson ciki ya mutu ka ce a canza. Yaro a nemo mishi ta yara, ta manya zamewa take ta bar shi. In direba ya ce babu, ko ka ga ana ta cusa mutane bayan kujeru sun cika, ka sauka kawai, ba kunya a ciki. Kuma mai babbar riga ya cire ta ya ninke cikin jaka, mata masu dogon hijabi su tattara shi rigar ruwan ta hau kanshi a ɗaure, tufa mai yawa in ta jiƙe nauyi ce.

Wajen zama, ka nemi tsakiya ko baya-baya. Gaba daɗin hoto gare shi amma duk sanda jirgin ya hau igiyar ruwa ya faɗo a ƙugunka zai sauka, taubashina ya zauna can don son a gani, har munka isa ba abin da ke fita bakinshi sai innalillahi da sunan tsohuwarshi. Waya ka sa ta cikin leda ka ƙulle, ruwan gishiri in ya shiga waya ba shanyawa cikin shinkafa da za ta cece ta. Hula ma ka cire ka riƙe, iska ta karɓi tawa tun ba mu yi nisa ba, zanna bukar sabuwa dal.

Tafiyar ba ta da tsawo, kamar minti 15 zuwa 20, amma ni a wajena ita ce rabin abin da ka biya kuɗi dominshi. Za ku bi ta mashigin da manyan jirage ke bi su shiga tashoshin Apapa da Tin Can, ka ga jirgi kamar unguwa guda shina tafiya a hankali da kwantenoni jere bisa juna, naku kwale-kwalen kamar ɓawon gyaɗa a gefenshi. In irin wannan ya wuce shina barin raƙuman ruwa a baya, direban kirki zai rage wuta ya fuskance su, kai dai ka riƙe kujera kada ka miƙe tsaye kuma kada kowa ya ruga gefe guda. Ta hannun hagu za ka hango dogayen benayen sabuwar unguwar Eko Atlantic.

Da kun isa ka shirya jiƙa ƙafa, silifas za ka sa, ka bar takalmin sallah a gida. Akwai kuɗin shiga da ake karɓa, sannan masu rumfuna da kujeru za su yi maka caa kowa na cewa tashi ta fi. Ka yi ciniki kafin ka zauna, ka tambaya kuɗin na rumfar ne duka ko na kowace kujera, na wuni ne ko na awa. Ka zaɓi rumfar da kake hango ruwa daga cikinta in da yara, kuma kullum a bar mutum guda wajen kaya.

Abin da ya sa Tarkwa Bay ya yi suna shi ne ruwanshi ya fi na sauran bakin tekun Legas kwanciya, kuma ba haka Allah ya halicce shi ba, aikin hannu ne. Zamanin Turawa, tun wajen 1908, anka fara jibge manyan duwatsu cikin teku anka yi dogayen katangu a bakin mashigin don yashi ya daina toshe ma jirage hanya. Tarkwa Bay a lungun katangar yamma yake, ita ke karya ƙarfin ruwan kafin ya iso. Su kuma katangun nan sun tare yashin da teku ke kwasowa daga yamma zuwa gabas, sai ya taru a wannan ɓangaren, ɗaya ɓangaren kuma wato Bar Beach teku ya yi ta cinye shi shekara da shekaru har ruwa na hawa titi, a wurin ne daga baya anka cike da yashi anka gina Eko Atlantic ɗin da ka hango. Ka ga katanga guda ta yi ma wani gefe arziki ta tsiyata wani.

To bayan wannan katangar, in ka taka kaɗan, akwai wani bakin tekun da ake ce ma Lighthouse Beach saboda tsohuwar hasumiyar fitilar jirage da ke wajen. Dogo ne, ba cinkoso, ya fi kyau a ido nesa ba kusa ba, kuma shi ba abin da ya kare shi, Atlantika ce kai tsaye. Nan na je na nuna ni ɗan gulbi ne. Na shiga ruwa iya cinya ina dariya ina kiran taubashina matsoraci, igiya ta zo ta wuce, da za ta koma sai na ji yashin da ke ƙarƙashin ƙafata shina gudu, kamar ana janye tabarma kana tsaye a kai, kafin in gyara tsayuwa ta biyu ta zo ta nannaɗe ni ta buga da ƙasa, na sha ruwan gishiri ya fito ta hanci, na rasa ina ne sama ina ne ƙasa. Da rarrafe na fito, gwiwa a goge, yashi har cikin kunne. Wani yaro ɗan wurin da bai wuce shekara goma sha biyu ba, riƙe da allon nan da suke hawa igiyar ruwa da shi, ya dube ni ya girgiza kai ya wuce. Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba.

Bambancin shi ne gulbi gefe guda yake ja, ka san inda ya nufa, ka san in ka bi shi a karkace za ka fita. Teku kau turowa yake ya janye, kuma akwai wuraren da ruwan da ya taru a gaɓa ke samun hanya ya koma ciki da gudu kamar kwata, abin mamaki wurin ne ya fi kama da kwantacce a ido don igiya ba ta fashewa a nan. In Allah ya sa irin wannan ya ɗauke ka kada ka yi kokawa da shi kana neman komawa gaɓa kai tsaye, gajiya za ka yi, ka yi iyo a gicciye kana bin tsawon gaɓar har ka fita daga bakinshi sannan ka juyo, in ka gaji ka kwanta bisa ruwa ka ɗaga hannu. Amma mafi sauƙi ka yi wankanka a Tarkwa Bay ɗin inda mutane suke, Lighthouse ka je kallo da hoto. Duwatsun katangar ma santsi gare su ga kaifi, kada son hoto ya kai ka ƙarshensu. Yara kuma ko a wurin kwantaccen, hannunka cikin nasu.

Lokacin zuwa, daga Nuwamba zuwa Maris ya fi, ruwan sama ya ɗauke teku ya ɗan lafa. Yuni da Yuli damina ce sosai a Legas, hadari na iya haɗuwa kana tsakiyar ruwa, kuma lokacin ne ruwa ke kwaso robobi da ledojin gari ya zube su a gaɓa, don gaskiya wurin ba kullum yake da tsabta kamar a hoto ba. Disamba kau wurin cika yake maƙil da mutane.

Ranar zuwa ita ma abin dubawa ce, kuma nan zan yi magana a fili. Asabar da Lahadi da ranakun hutu wurin na 'yan shaƙatawa ne, kiɗa kamar zai fasa kunne, ana shan abin da ake sha, shigar mutane kuma ba irin wadda idonmu ya saba da ita ba ce. Ba wanda zai takura maka, kai ma ba ka da ikon takura ma kowa, garinsu ne. In da iyali za ka je, ko kai kanka ba ka son ganin abin da zai sa ka yi ta istigfari, ka je Talata ko Laraba da safe, wajen ƙarfe tara ko goma, za ka samu wurin kusan naka ne kai kaɗai, Hajiya ta sa ƙafa a ruwa da hijabinta ba mai kallonta. Mu Laraba munka je.

Sallah ba matsala, ka tahi da 'yar darduma. Alwala da ruwan teku ta halatta, hadisi ne sananne cewa ruwanshi mai tsarkakewa ne, sai dai kurkure baki da shi sai mai ƙarfin hali, ni fiya wata na yi amfani da shi. Alƙibla ka duba a waya don a bakin teku kai na juyewa, kuma matafiyi dama ga sauƙin ƙasaru.

Abinci ana sayarwa, gasasshen kifi da su indomi da lemo da ɗanyar kwakwa, amma komai da jirgi anka kawo shi don haka kuɗinshi ya fi na gari. Mu mun tahi da burodi da kilishi da ƙuli da katan ɗin ruwa rabi, kifi kawai munka saya, shi ma sai da na tsaya anka gasa a gabana. Ka riƙe tsabar kuɗi canji-canji, taransifa na yi amma netwok na iya ɗaukewa daidai lokacin da mai rumfa ke tsaye a kanka. Pawa bank, tawul, kayan canji cikin leda, da wata ledar ta zuba shararku ku dawo da ita. Rana kuma kada ka raina ta don kai ɗan Kabi ne ka saba da zafin Afrilu, iskar teku na rufe maka zafin ba ka ji, sai dare ka ji kafaɗa na raɗaɗi.

Wani abu da ya kamata ka sani don ka iya bakinka da ƙafarka. Wurin ba wajen wasa ne kawai ba, mutane na zaune a can da gidajensu, kuma a watan Janairun 2020 sojojin ruwa sun tashi dubban mazauna wurin, hukuma ta ce saboda fasa bututun mai, don ma'ajiyar mai ta Atlas Cove na nan kusa. Har yanzu abin na ran mutanen, don haka ba hirar da za ka buɗe da wasa ba ce. Kada ka kutsa cikin daji ko bayan gidaje kana yawon gano wuri, in ka ga shinge ko bututu ko masu kaki ka maida waya aljihu, kuma ka riƙe katin shaidarka a jiki.

Komawa, ka fara naɗe kaya da la'asar, ƙarfe huɗu zuwa huɗu da rabi ka kasance bakin jirgi. Hukumomin ruwa sun hana ƙananan jirage tafiyar dare, kuma ko ba su hana ba ba ka son ka ratsa hanyar manyan jiragen nan cikin duhu a kwale-kwalen da ba fitila. Da yamma kowa ke son tafiya lokaci guda, nan ne ake lodin ganganci, nan ne kuma kuɗi ke tashi, wanda ya riga fita ya huta. Ga gosulon CMS na jiranka in ka ƙara minti talatin.

Sauran abu guda, in gida sun ji za ka teku to sai an ba ka saƙon ruwanshi, ni gwaggota ce ta aiko tun ina Kwantagora wai a ɗebo mata na shafawa. Ka tahi da gora mai murfin da ke ɗaurewa sosai, ka ɗiba inda ruwan ya kai gwiwa don na bakin gaɓa rabi yashi ne, ka naɗe murfin da leda ka ɗaure da roba sannan ka sa cikin wata ledar. In jirgin sama za ka hau sai cikin babbar jaka, ba za su bar ka ka shiga da ita a hannu ba. Tawa gorar cikin buhun garin rogon da na sayo na tsaraba na cusa ta, wajen Mokwa mota ta faɗa rami, ko da munka isa Yawuri ruwan ya koma rabi, garin kuma ya sha gishiri ba mai iya jiƙa shi, sai awaki anka ba.